Ƙafar Yawo

A tsakar gidanmu, daf da famfo, akwai wani tsohon daro da aka kife aka danne da bulo. Kowa ya san ba a taɓa shi. Mai shara kewaye shi take yi, mai ɗibar ruwa ya raɓa ta gefe. Ko kazar maƙwabta ce ta nufi wajen, za ka ji muryar Umma daga ɗaki tana korarta kamar ta ga wuta.

Sawun Baba ne a ƙarƙashi.

Ranar da ya yi shi ya riga ya daɗe a kwance ba lafiya. Da safe ya ce ya gaji da ruwan kofi, yana so ya sha da tafin hannunsa a bakin famfo. Ya ƙi a riƙe shi, ya ƙi takalmi. Ya je ya sha, ya wanke fuska, ya juyo. Ƙasar wajen jar laka ce, famfon kuma yana ɗiga, sai ƙafarsa ta dama ta nutse a jikin bango, inda ba a cika takawa ba. Bai ƙara fitowa tsakar gidan da ƙafarsa ba. Bayan an kai shi makwancinsa mutane sun watse, Umma ta fito ɗibar ruwa ta gan shi. Rana ta busar da shi tsaf, ga yatsu, ga dunduniya, har layukan faso. Ta kife daron wanki a kai, ta sa aka gyara famfon. Tun daga ranar a bokiti take wanki.

Ba sawun kaɗai take so ba, inda ya fuskanta ne. Yatsun ɗaki suke kallo, dunduniyar tana wajen ƙofar gida. Wani lokaci da rana, idan ta zaci ba kowa, takan ɗaga daron ta leƙa, ta ce a hankali, "Shigowa dai yake yi."

Don kuwa Baba ƙafar yawo gare shi. Ya bi manyan motoci, ya bi jiragen ruwa, ya bi masu shimfiɗa kwalta har inda kwaltar ta ƙare. Yakan dawo ba zato, da ƙura har gira, da tsarabar da ba ta ciyuwa kuma ba ta sawuwa: makulli marar kwaɗo, ƙararrawar da ba ta da harshe, gashin wani tsuntsu. Umma ba ta tambayarsa ina ya je. Takan zaunar da shi a kan tabarma, ta ɗora ƙafarsa a cinyarta, ta lakato man shafawa tana cusa masa a cikin faso tana faɗa. Shi kuma yana kwance yana ba silin labari.

Ni aka ce na gado shi. Makaranta ma tagar ajin ce ta fi allon ja na, har wata rana na bi tagar. Na yi faci, na yi gidan burodi, na yi gyaran waya. Babu wanda ya kore ni. Tafin ƙafata ne kawai yakan fara ƙaiƙayi, kamar tururuwa na tafiya a ciki, sai in ga ina wata hanya.

Wata safiya motar yashi ta juye kaya a ƙofar gidanmu. Mai gidan da muke haya ya shigo da sallama, ya gaisa da Umma, ya ce ya gaji da ƙorafin taɓo, gobe da sassafe magina za su zo su shafe tsakar gidan da siminti daga bango zuwa bango. Da alheri ya zo, yana murmushi yana jiran godiya. Umma ta yi masa godiya har da addu'a. Da ya fita ta zauna a bakin famfo ta ɗauki kofi tana wankewa. Ta wanke, ta ɗauraye, ta sake sa masa sabulu.

Yayata, wadda take ɗinki a baranda, ta tsayar da kekenta.

"Umma, ki ce masa su bar wajen mana."

"In ce masa me? Ya bar rami a gidansa saboda ƙafar mijina?"

"To a sa shebur a ɗebo shi da ƙasarsa."

"Zai marmashe," na ce daga kan tabarma.

"Wa ya sa baki da kai, Sha-yawo?" Ta juyo wajen Umma. "Ko in ɗauka miki a waya?"

"Hoto ba shi da zurfi," in ji Umma. Ta ci gaba da wanke kofinta.

Ina kwance ina kallon ƙofar ɗakinta, sai idona ya sauka a kan dutsen da yake tare ta. Shi ma tsarabar Baba ne, ita kaɗai ce ta taɓa yin amfani. Girmansa kamar kan jariri, garai-garai kamar ƙanƙara, falle a kan falle. Idan ka kara shi a ido sai ka ga tsakar gidan tana lilo kamar tana ƙarƙashin kogi. Baba ya ce a wani fili ya tsinto shi inda da can teku ne, tekun ya ƙafe ya bar duwatsunsa. Ya ce akwai ruwa a cikinsa. Ina yaro na sha girgiza shi a kunne, na lasa, na ɗora shi a rana ina jira ya yi gumi. Ko ɗigo. Yaya ta ce labarin Baba ne, a ajiye shi tare da na kifin da ya ce ya gaishe shi.

Amma aikina na ƙarshe a wajen masu adon silin ne, waɗanda suke zuba furanni da zobba na filasta a manna a saman ɗaki. A bayan shagon na ga tulin irin dutsen nan. Ubangidana ba ya sayen garin filasta na buhu, da kansa yake dafa nasa. A niƙa dutsen, a zuba a rabin durom, a hura wuta. Can sai busasshen gari ya fara tafasa, yana ɓulɓula kamar an zuba masa ruwa, alhali ko ɗigo ba a sa ba. Ranar farko na tsaya baki buɗe. Ubangidana ya kara bayan shebur a kan durom ɗin ya nuna min, ya jiƙe sharkaf. Ya ce ruwan a ɗaure yake a jikin dutsen, shi ne ma ya sa yake sheƙi, wuta ce kaɗai take kwance shi. In ya fita sai garin ya zauna da ƙishi. Duk ranar da ka mayar masa da ruwansa, sai ya koma dutse, a siffar duk abin da ka zuba shi a ciki.

Na tashi zaune.

"Umma, zan iya ɗauko miki shi."

Na yi musu bayani. Yaya ta saurara har ƙarshe, abin da ba ta saba ba, sannan ta ce, "A wajen mutumin da ya aike ka sayen ƙusa? Ina ce har yau yana jiran ƙusarsa."

Na dai tafi neman garin filastar. Shagon a kulle na same shi, mai walda na kusa ya ce sun tafi aiki wani gari, sai an gan su. Na zaga shagunan kayan gini na unguwar, siminti kawai da fenti. Da na dawo na tsaya a ƙofar ɗakin Umma ina kallon ƙasa.

Ta bi idona da kallo. Ta ga dutsen nake kallo.

"In ka fasa shi ba ya dawowa ko, Auta?"

"Yana dawowa. Amma ba a haka ba."

"Sawun kuma?"

"In na zuba na ɗaga, zai tafi. Ko ya yi kyau ko bai yi ba."

Ta sunkuya ta ɗauki dutsen, ta goge shi da bakin zaninta, ta kara a ido ta kalli tsakar gidan ta cikinsa. Sannan ta miƙo min. Ƙofar ɗakin ta rufe kanta a bayanta a hankali.

Ban sha wuyar fasa shi ba. Na sa bakin wuƙa a tsakanin fallayen na buga, ya rabu biyu kamar dama jira yake. Na ajiye rabi a kan taga. Ɗayan na farfasa da guduma, na daka a turmi, na tankaɗe da rariya. Yana dakuwa sheƙin yana tafiya, har ya zama fari fat.

"Ikon Allah," in ji Yaya. "Baba ya sha wuya gari-gari ya kawo dutse, ɗansa ya mai da shi gari."

Na zuba a tsohon kaskon ƙarfe. Na cika murhu da gawayi har yana zuba, na yi ta fifita har wutar ta yi fari, don ni a ganina in wuta ta yi yawa aiki zai yi sauri. Na juya, na juya, shiru. Gari yana kwance yana kallona. Sai ƙaiƙayin nan ya fara.

Na tuna ina bukatar kwali da zan kewaye sawun da shi. Mai shagon bakin titi ba ya rasa kwali. Na ce wa Yaya yanzu zan dawo.

Na karɓi kwalin. Daga ƙofar shagon ana hango tashar manyan motoci, ana yi wa wata lodi, an ɗaure ta da igiyoyi ta yi tsayi kamar gida. Na matsa in ga yadda suke ƙulla igiyar. Wani yana kiran sunayen garuruwa, yana jan kowane suna kamar mai waƙa, ni kuma kowane ya kira sai in gan shi: wani da gada, wani da fitilu a bakin ruwa, wani fili ne kawai fari fat, duwatsu suna ƙyalli a ciki kamar an fasa madubi, ga wani mutum can nesa ba takalmi yana sunkuyawa yana tsinta. Na bi motar da ido har ta fita, na ɗan bi ta da ƙafa har kwana. Inuwata na gani ta shige ƙarƙashina, sannan na tuna da kasko.

Na tarar da gindinsa ya yi ja. Yaya ta ƙara masa gawayi, ta ce ta ga wutar tana ja baya, taimako ta yi. Garin yana kwance shiru, fari, kyakkyawa. Ban ga tafasarsa ba, ban ga tsayawarta ba. Na sauke na bar shi ya huce, na ce a raina ai dahuwa ba ta yin yawa.

Na kwaɓa a roba, ya yi kamar madara mai kauri. Na nufi daron zan ɗage bulon.

"Tsaya," in ji Yaya. "Ni ko rigar ɗan tsana zan yanka sai na gwada almakashi a ƙyalle. Gwada da sawun ƙafarka tukuna, ita muna da irinta biyu."

Na jiƙa ƙasa a ɗaya gefen famfon, na cire silifa na taka. Da na ɗaga ƙafa Umma ta fito ta tsaya a kaina. Ta ɗage daron da kanta. Muka kalli wannan, muka kalli wancan. Babban yatsan da ya ware daga sauran, ƙaramin da ya lanƙwashe ciki, duk ɗaya. Nawa dai ba faso, kuma ƙofar gida yake kallo.

"Ko a taɓo ma fita kake yi," in ji Yaya.

Umma ta mayar da daron.

Na zuba kaɗan a sawuna muka jira. A shago, kafin ka gama wanke hannu ya fara kamawa. Wannan kuwa Yaya ta gama hannun riga, ta gama ɗayan, yana nan yadda yake. Na sa yatsa, ruwa. Na ƙara jira na sake sawa, ruwa. Ƙasar ta tsotse abin da za ta tsotsa, gefen sawun ya jiƙe ya rufta ciki, yatsun suka narke suka haɗe, ya zama farin taɓo kawai.

Sai na tuna wani tuli a bayan shagon ubangidana, wanda ba a taɓawa. Gawa yake ce masa. Na taɓa tambayarsa, ya ce wannan wuta ce ta yi masa yawa. Ya ce ba a kore wa dutse ruwansa duka, ana bar masa ɗan kaɗan a ciki, da shi yake gane sauran in sun dawo. In ka ƙone shi ƙurmus, ko kogi ka zuba masa ba zai san me ake nufi ba. Lokacin da yake faɗa ina kallon titi.

Na faɗa musu. Yaya ta kalli Umma. Umma tana kallon farin taɓon nan, na san abin da take gani: da yanzu sawun Baba ne ya koma haka.

Ta je taga ta ɗauko rabin da ya rage. Ta riƙe shi a ƙirji.

"Auta, in wannan ma ya mutu, na rasa biyu ke nan."

"Na sani, Umma."

"Gara in bar wa magina sawun in riƙe dutsena."

Ta kalli daron, ta kalli dutsen. Can ta ce, "Me ake bukata?"

"Wuta kaɗan. Da wanda zai tsaya."

"To wa zai tsaya?"

"Ni."

Yaya ta yi tari, irin wanda ba na mura ba. Amma Umma ta miƙo min.

Na kwashe gawayin na bar ɗan kaɗan, na rufe shi da toka har ya zama ja mai lumshe ido. Na daka, na tankaɗe, na wanke kaskon na busar. Na ɗauki muciya na tsaya. Umma ta jawo kujera ta zauna a gefena. Rana ta fara karkata, inuwar bango tana rarrafowa wajenmu.

Na juya. Ba abin da ya faru. Na juya. A waje wani ya wuce yana busa usur, wata mota ta yi ƙaho mai tsawo irin na masu nisa, tururuwan suka taso daga dunduniyata suka hau har gwiwa. Na ɗaga ƙafa ɗaya na sosa da ɗayar. Sai na ji an kama bakin rigata ta baya. Umma ce, da yatsu biyu, ko kallona ba ta yi ba. Haka take riƙe ni a kasuwa ina ƙarami.

Muciyar ce ta fara gaya min. Ta yi sauƙi a hannuna, kamar garin ya daina nauyi. Sai wani ɗan rami ya buɗe a tsakiya ya yi fuf, ya rufe. Wani ya buɗe a gefe. Kafin ka ce me, kaskon duka ya ɗauka, farin gari busasshe yana tafasa, yana gudana a bayan muciya kamar ruwa, in na karkata kaskon ya kwanta ya daidaita kansa. Ƙararsa siririya ce, kamar yayyafi a kan yashi daga nesa.

"Yaya, kawo murfin tukunya."

Ta kawo ba gardama. Na ce Umma ta kara a sama. Da ta juyo shi, cikinsa ya yi raɓa, ɗigo-ɗigo suna haɗuwa suna gangarowa baki.

Umma ta daɗe tana kallo.

"Daga ina?"

"Daga cikin dutsen."

"Ba ka zuba ba?"

"Kina zaune, Umma."

Ta sa yatsa ta taɓa, ta kai harshe. Ta lumshe ido.

"Babu gishiri. Ya ce teku ne."

"Wataƙila ya baro gishirin a can," na ce.

"Ashe gaskiya ya faɗa," in ji ta, ba da mu take ba. "Shekara da shekaru yana tare min ƙofa da ruwa a cikinsa."

Yaya ta karɓi murfin ta leƙa, ta juya shi, ta sake leƙawa. "To, saura kifin," ta ce. "In shi ma ya shigo ya gaishe mu, ni na bar gidan nan."

Umma ta yi dariya har ta share ido, amma ba ta saki rigata ba.

Na ci gaba da juyawa. Tururin ba ya ganuwa sosai, sai dai ka ji laimarsa a fuska. Ina kallon cikin kaskon sai ya zame min fili, farin filin nan, ina sama ina kallonsa kamar tsuntsu. Ko'ina ƙananan rijiyoyi suna buɗewa suna rufewa. Ruwan da ya kwanta tun babu hanya, babu mota, babu wanda ya taɓa tafiya ko'ina, yana tashi a tsakar gidanmu yana wucewa ta gefen igiyar shanya. Na ce a raina wannan ya fi kowa iya zama, ga shi yau shi ma ya kama hanya. Ban san inda za shi ba. Kuma a karon farko ban ji ina so in bi ba, so nake in ga abin da zai rage.

Rijiyoyin suka fara raguwa. Na tsakiya suka rufe, sai na gefe, ɗaya nan ɗaya can. Garin ya sauka ƙasa, ya yi nauyi a muciya kamar wanda ya gaji ya zauna. Umma ta sake kara murfin, ya yi ɗan dusu-dusu kawai.

Zuciyata ta ce ƙara kaɗan, don a tabbata. Na kama kaskon da tsumma na sauke.

Kafin ya huce na shirya wajen. Na ɗage daron na jingine. Na hure ƙurar cikin sawun da bakina. Na samo gashin kaza na tsoma a mai, na shafe shi a hankali, yatsa bayan yatsa, don kada laka ta sha ruwan. Na kewaye shi da kwali na tokare da ƙasa. Yaya ta kawo wasu siraran ƙyallaye daga ƙarƙashin kekenta, ta ce a shimfiɗa a ciki don ya yi ƙarfi, ai haka ake sa wa kwalar riga.

Na gwada cokali guda a murfin kwalba. Muka sa masa ido mu uku kamar masu jiran jariri ya yi kuka. Da na taɓa shi da farce, ya ƙi shiga.

Na ɗebi ruwa daga famfon da Baba ya sha. Ba a zuba ruwa a gari, garin ake barbaɗawa a ruwa, wannan kam na riƙe. Na yi ta barbaɗawa yana nutsewa, yana sha, har ya fara tsayawa a sama kamar tsibiri. Na juya da hannu. Na durƙusa.

"Bismillah," in ji Umma.

Na zuba ta wajen dunduniya, ya gangara da kansa ya cika tafin, ya shiga yatsun ɗaya bayan ɗaya, babban ne ƙarshe. Na shimfiɗa ƙyallayen na juye sauran. Sawun Baba ya ɓace a ƙarƙashin farin ruwa mai sheƙi, sararin sama yana ciki, da kan Umma.

Keken ɗinki yana tsaye. Inuwar bango ta iso ta rufe mu. A hankali sheƙin ya fara dushewa daga gefe, sararin saman ya fita daga ciki, ya zama fari kawai.

Akwai abin da na manta ban gaya musu ba. Umma ta miƙa hannu ta ɗora tafinta a kai, don ta ji ko ya kama. Sai na ga ta ɗauke da sauri, ta kalle ni. Ta mayar.

"Auta. Da ɗumi."

"Haka yake yi, Umma. In yana karɓar ruwansa sai ya..."

"Yi shiru," in ji Yaya a hankali.

Umma ta sauko daga kujera ta zauna a ƙasa, ta ɗora hannu biyu. Ɗumin yana ƙaruwa, na sani, yakan kai kamar na jikin mutum, kamar na wanda ya sha tafiya a rana ya shigo. Ta rufe ido. Leɓɓanta suna motsi, ban ji me take cewa ba, amma daga yadda girarta ta haɗe na gane faɗa take yi.

Sai da rana ta yi ja na cire kwalin. Na haƙa gefe-gefe da wuƙa, na zura yatsu a ƙasa, na ɗaga. Ƙasar ta biyo shi, abin da ya rage a wajen rami ne kawai marar siffa. Umma ba ta ko kalli ramin ba. Na kai famfo na sakar masa ruwa siriri, ina goge lakar da babban yatsa. Jan yana tafiya, farin yana fitowa.

Ba rami ba ne yanzu, tafin ƙafa ne. Babban yatsan da ya ware, ƙaramin da ya lanƙwashe, tabon ƙusar da ya taka a wani gari da bai taɓa faɗa mana sunansa iri ɗaya sau biyu ba. A dunduniya ga faso nan, kowane layi, kamar hanyoyi a kan taswira.

"Yau dai Baba ya zauna wuri ɗaya," in ji Yaya, tana goge hanci da bayan hannu.

Na miƙa wa Umma. Na zaci za ta ajiye shi a bakin ƙofa ta juya yatsun su kalli ɗaki. Sai ta gyara zama a kan tabarma, ta miƙe ƙafafu, ta ɗora shi a cinyarta. Ta bi dunduniyar da yatsa, ta girgiza kai.

"Dubi yadda ya bar ta ta tsattsage," ta ce. "Auta, miƙo min man nan a kan taga."